Malam Direba da Motar da Ta Ƙi Ganin Yaya

Haihuwa da Asali

An haifi marigayi Malam Direba a shekarar 1951, in an bi ta bakin yayarsa, ko kuma a 1953, in an bi takardar da matarsa ke ɗagawa sama duk sa'ad da maganar ta taso, kuma har ranar da ake rubuta wannan tarihi matan nan biyu ba su sauko daga kan wannan gardama ba.

"Ni na goya shi," in ji Yaya. "Takarda ce ta goya shi?"

"To Yaya, ai hatimin hukuma ne a jiki."

"Hukumar tana ɗakin aka haife shi? Ni ina bakin ƙofa, ni na riƙe fitila."

Abin da babu saɓani a kansa shi ne, an haife shi a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinsa, a layin da ke gangarawa kasuwa. Mahaifin mai gyaran agogo ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda ke iya yin yini guda da gilashi maƙale a ido bai ce wa kowa sannu ba. Mahaifiyar kuwa mai ɗinki ce, Allah ya yi mata rasuwa yaron yana da shekara shida, ko huɗu, gwargwadon wadda ka tambaya. Daga ranar Yaya, wadda ke da shekara goma sha biyar, ta ajiye littattafanta, ta ɗauki ɗawainiyarsa, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa abin da take renonsa ya zama ba: injiniya a kamfanin wutar lantarki, mai ofis, mai mota ta gaske, ita kuma tana zaune a gidan gaba tana ɗaga wa 'yan layi hannu.

Duk wanda yake so ya fahimci rayuwar wannan bawan Allah sai ya riƙe abu guda. Ya samu yabo daga shugabanni, ya samu lambobin girma har sun rasa bangon ratayewa, amma shekara arba'in da shida ya yi yana neman Yaya ta tsaya gaban aikinsa sau ɗaya, ta dube shi, ta yarda cewa aiki ne.

Karatu

An sa shi makarantar firamare a shekarar 1958. A shekara ta uku ya buɗe agogon bango na wani da ya kawo gyara, ya zare ƙarfen nan mai naɗewa da ke tafiyar da agogo, ya ɗaura shi a gwangwanin kifi, ya yi tayoyi da marafan kwalba. Motar ta tsallaka shagon a guje ta shige ƙarƙashin kabad. An ce mahaifin ya cire gilashin idonsa, ya daɗe yana kallon ƙarƙashin kabad ɗin, sannan ya yi jawabi mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa: "Taya ɗaya ya karkace." Yaya ce ta yi dukan.

A shekarar 1966 ya ci jarrabawar shiga kwalejin koyon sana'a, sashen lantarki, inda ya yi shekara biyar, ya fita a 1971 da sakamako mafi daraja a ajinsu. Malaminsa ya rubuta a takardar shaida cewa yana da kai ƙwarai, sai dai hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Yaya ta sa aka yi wa takardar gilashi, ta sa aka manna wani ɗan fure daidai kan rabin jimlar na ƙarshe.

Aiki

Daga 1971 zuwa 1976 ya yi aiki a wani shagon gyaran rediyo. A watan Satumba na 1976, cikin mako guda, wasiƙu biyu suka iso masa: ɗaya daga kamfanin wutar lantarki, mai alkawarin ofis da kuma mota bayan shekara uku, ɗaya daga makarantar sana'a da ke neman malami. Kafin ya buɗe baki Yaya ta riga ta kai ɗinkin rigar da za ta sa ranar shiga mota. Shi kuwa ya amsa ta makaranta.

"Yaro, maimaita in ji," in ji ta. Yaro take ce masa, har ranar da furfura ta rufe masa kai.

"Koyarwa nake so, Yaya."

"Alli. Na bar makaranta don ka je ka ci alli."

Shekararsa ta farko a aji ba ta ba shi hujja a kanta ba. Yana zana sakit a allo, wato hanyar da wuta ke bi ta zagaya ta dawo, ɗalibai suna kwafa suna hamma, in an tambaye su su karanto kamar aku, in an miƙa musu waya biyu su rasa wadda za su riƙe. Ya yi nazari ya gano illar: wuta ba a ganinta, abin da ba a gani kuwa ɗan shekara goma sha bakwai bai yarda akwai shi ba.

A wata safiya ta watan Maris 1978 ya shigo aji da 'yar motar wasa ta roba a aljihu. Ya riga ya sa mata batir da ƙaramin injin da ke juya kaset a rikoda, a hancinta kuma ya liƙa wani ɗan ƙwayar abu mai jin haske, wanda masu sana'ar ke kira sensa, shi kuwa yake ce wa ido. Ya sa aka rufe tagogi, ya ajiye ta ƙasa, ya kunna tocila. Motar ta motsa. Ya kai hasken hagu, ta juya hagu. Ya ja baya, ta biyo shi kamar 'yar akuyar da ta ga dusa. Ajin mai ɗalibai arba'in ya miƙe tsaye a kan benci, waɗanda ke barci a baya su ne suka fi kowa ture mutane, aka kaɗa ƙararrawa babu wanda ya ji, malamin lissafi ya zo ƙorafin hayaniya ya ƙare a tsugune yana roƙon a ba shi tocilan. Ranar ɗalibi ɗaya bai tambayi ko wannan zai fito a jarrabawa ba. Tambaya guda ce a bakin kowa: ta yaya ta sani?

Daga ranar sunan Direba ya bi shi, kuma ya kamata tarihi ya adana gaskiya: mutumin nan bai taɓa riƙe sitiyari ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Keke ma in hanya ta yi gangara sauka yake yi ya tura.

Labari ya kai wa Yaya kafin la'asar.

"Na ji ka yi mota," in ji ta.

"Ki zo ki gani, Yaya. Wallahi tafiya take."

"A ina zan zauna? Gidan gaba ko gidan baya?"

A nan ta rantse cewa ƙafarta ba za ta taka ɗakin da yake wannan wasan yara ba, ko a makaranta ko a gida, kuma duk layin ya san Yaya ba ta rantsuwa don ado.

Tsarinsa na Koyarwa

Ya sa aka shafe simintin ajinsa da farin fenti, aka ja baƙin layi mai lanƙwasa daga ƙofa zuwa taga. Kowane ɗalibi sai ya ƙera motarsa da hannunsa, ya narka dalma ya liƙe wayoyinsa, ya ƙona yatsa akalla sau ɗaya. A ƙarƙashin motar akwai ɗan ƙwan fitila da ido a gefensa. Farin ƙasa yana mayar da haske, baƙin layi yana haɗiye shi, da haka motar ke gane inda layin yake ta bi shi. Wannan magana ta baƙi yana haɗiye haske Malam ya faɗe ta a aji sau dubu, kuma a riƙe ta, za a neme ta nan gaba.

Ba ya taɓa motar ɗalibi. In ta ƙi tafiya sai ya harɗe hannu a baya ya ce, "Tambaye ta. Ina wutar ta tsaya?" Ɗalibi ya ɗauki mitar auna wuta ya bi waya ɗaya bayan ɗaya har ya kama mai laifin. An sha ganin ƙato mai gemu yana tsalle a tsakiyar ɗaki saboda ya gano waya guda da ya juya baibai.

Jarrabawar ƙarshe kuwa ƙwai ne. Ana ajiye ɗanyen ƙwai a ƙarshen layi, motar ta taho da gudunta, idon da ke hancinta ya hango shi, ta taka birki da kanta. Ta tsaya saura yatsa biyu, ka ci. Ta fasa, ka ɗauko tsumma ka dawo baɗi.

Aure

Ta dalilin ƙwan nan aure ya same shi. Akwai wata mai kiwon kaji a bayan makaranta, wadda kowa ke kira Mai Kaji, kuma ita ce ta gaji da mamaki ta tare shi a watan Yuni na 1980.

"Malam, ƙwai talatin kake saya duk mako, ga ka kamar igiyar shanya. Ina suke zuwa?"

"Mota ke fasa su."

"Kai da ko keke ba ka iya ba?"

Ya gayyace ta ta gani da idonta. Ta zo, ta tsaya a bayan ɗalibai, kuma kafin mota ta uku ta iso ƙwai an ji muryarta ta fi ta kowa: "Tsaya, 'yar nan, tsaya." An ɗaura auren a watan Fabrairu na 1981. Masu baki sun ce don ƙwan kyauta ya yi, kuma tarihi ba zai iya rantsuwa cewa ƙarya suke yi gaba ɗaya ba.

Karon Farko

A ƙarshen shekarun 1980 ya fara kwance rimot ɗin talabijin da suka lalace, domin a cikinsu akwai wata fitila mai hasken da idon mutum ba ya gani. Da ita motocin suka daina buƙatar a rufe tagogi. Suna aika hasken gaba, in ya bugi abu ya dawo, su tsaya. Makaranta ta yi suna, har a watan Yuli na 1991 aka shirya ranar nuni a babban zauren taro, aka gayyaci iyaye da manyan baƙi.

Mai Kaji ce ta lura cewa zauren taro ba ɗakin Malam ba ne, saboda haka rantsuwa ba ta hau kansa ba. Ta kai wa Yaya wannan fatawa, Yaya ta yi kwana uku tana juya ta, ta rasa inda za ta kama. Ta zo. Ta zo cikin sababbin baƙaƙen takalma da baƙar safa, ta tsaya a gaba ta harɗe hannu.

Malam bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Motoci goma sha biyu suka tsaya gaban ƙwai goma sha biyu, zaure ya ɗauki tafi, shi kuwa idonsa yana kan mutum ɗaya. Daɗi ya ɗebe shi, ya kawar da ƙwan, ya ce wa jama'a motarsa ba ƙwai kaɗai take gani ba, har girman manya ta sani, ga yayarsa da ta rene shi, za ta je gabanta ta tsaya ta gaishe ta. Ya saki mota mafi gudu.

Ta tafi kamar an harba ta. Ba ta rage ba. Ta daki Yaya a ƙashin ƙafa, ta ja baya, ta sake dukanta, domin haka ɗalibin da ya ƙera ta ya tsara, in ta ji turjiya ta sake gwadawa.

Shekara goma sha uku yana gwaji, kuma duk abin da ya taɓa ajiyewa a gaban mota fari ne: ƙwai, kwalin alli, takarda. Baƙin takalmin ya haɗiye hasken, bai mayar da komai ba, a wurin motar babu kowa a tsaye. Abin da yake koya wa 'yan aji ɗaya a makon farko shi ya kayar da shi a gaban mutum ɗari uku.

Yaya ta dubi motar, ta dubi ƙanenta.

"Ƙwai ta gani," in ji ta. "Ni ce ba ta gani ba."

Ta fita tana ɗingishi, ba ta ko jira lemon baƙi ba.

Al'amarin Takalmi

Bayan kwana biyu Mai Kaji ta je ba da haƙuri a madadin mijinta, ta zauna ta sha faɗa na awa biyu kanta a sunkuye, ta dawo gida da takalmin Yaya na hagu a ƙasan jaka. Malam ne ya roƙe ta, yana cewa baƙin takalma ba ɗaya ba ne, in ba da ainihin wannan ya gwada ba bai yi komai ba. Yaya ta ɗora laifin a kan karen maƙwabta. Karen ya rayu shekara tara bayan haka, ya mutu da zargin a wuyansa, kuma gidajen biyu ba su koma gaisawa ba.

Ya kafe takalmin a katako a ƙarshen layi, bayan ƙwai. Daga 1991 babu ɗalibin da ya fita daga hannunsa bai yi abin da suke kira Darasin Yaya ba. Malam yakan tsaya kan takalmin ya ce: "Motarka ba ta ganin abu. Aika take yi, ta jira a mayar mata. In ka haɗu da wanda ba ya mayarwa, me za ka yi?" Waɗanda suka zama manya a masana'antu sun shaida cewa babu darasin da ya yi musu amfani kamarsa, wasunsu har yau in na'ura ta ƙi ganin kaya a kan bel ɗin da ke jan su sukan ce wa yaransu a duba, ko Yaya ce ta iso.

'Ya'ya

Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu, a 1982, 1984, 1987 da 1990. Babban ya zama direban babbar mota, direba na gaske, kuma shi ne ɗan gaban goshin Yaya, domin shi kaɗai a zuriyar ya taɓa sa ta a gidan gaba. Ta biyu tun tana shekara bakwai take kwance tocilan gidan, aka riƙa ce mata Injiniya don tsokana, sunan ya zama gaskiya.

Karo na Biyu

A shekarar 2005 wani tsohon ɗalibi ya kawo masa sensa mai aiki da sauti. Irin dabarar jemage ce: motar ta yi 'yar ƙara wadda kunnen mutum ba ya ji, ƙarar ta bugi abu ta dawo, daga tsawon jiran ta san nisa. Sauti kuwa bai damu da launi ba. Malam ya saki mota a kan takalmin sau ɗari, ta tsaya sau ɗari, yana ƙirgawa da ƙarfi, ya fito tsakar makaranta yana riƙe da ita sama kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Dama ta zo a watan Disamba na 2006, ranar da aka taru a falon gidansa murnar kammala karatun Injiniya. Falo ma ba ɗakin wasa ba ne, don haka Yaya tana nan. Ya durƙusa gabanta da motar.

"Sau ɗaya, Yaya. In ta taɓa ki, na daina."

"Ka daina me? Numfashi?"

"Gwaggo, ki daure," in ji Injiniya. "Ni na duba lissafin."

Yaya ta miƙe tsaye, don 'yar ba don uban ba. Sai dai ranar sanyi ake yi, ta sa doguwar riga ta karan-miski mai kauri da ta share ƙasa. Yadi mai laushi kuwa shanye sauti yake yi, kamar yadda katifa ke shanye kuka. Motar ta yi ƙararta, ta jira, shiru. Ta taho da ƙwarin gwiwa ta shige ƙarƙashin rigar, ta ɓace.

Waɗanda suka halarta sun tabbatar cewa Yaya, tana da shekara sittin da huɗu, ta hau kujera ba tare da ta dafa komai ba. Mai Kaji ta gudu kicin ta cusa tsumma a baki.

"Sau biyu ya isa," in ji Yaya daga saman kujerar. "Ko jaki ne ya gane."

Malam yana tsugune yana leƙen ƙarƙashin kujera, kuma abin kunya, fuskarsa cike take da murna. Aka ji yana cewa, "Yadin ne. Injiniya, kin gani? Yadin ne." Kafin mako ya zagayo Mai Kaji ta samo ƙyallen da ya rage a wurin telan Yaya.

Ritaya

Ya ajiye aiki a shekarar 2011 bayan hidimar shekara talatin da biyar, ya mayar da ɗakin bayan gidansa aji. Duk Asabar da safe ɗakin yakan cika: masu gyaran waya, kanikawan da sababbin motoci masu sensa suka rikita, da matan da Mai Kaji ta jawo, waɗanda ɗayarsu ta koma ta haɗa wa ɗakin kajinta fitila mai kunna kanta. Ƙwai yana nan, takalmi yana nan, sai dai yanzu an ƙara masa sanda, an lulluɓe ta da karan-miski, an ɓoye kwalbar ruwan zafi a ciki don ta yi ɗumin mutum. Ɗalibai suka raɗa mata Gwaggon Katako, kuma aka yi yarjejeniya cewa duk wanda ya kai wannan suna waje ya bar ajin.

Shi da Injiniya suka daina neman ido guda mai ganin komai. Suka haɗa wa mota ɗaya ido na haske, da kunne na sauti, da wani mai jin ɗumin jiki, da siraran wayoyi biyu a gaba kamar gashin bakin kyanwa, suka tsara cewa in ɗaya kaɗai ya ce akwai mutum, sauran su yi shiru a taka birki. An kammala ta a watan Afrilu na 2014. Takan tsaya saura taƙi ɗaya, ta kunna fitilunta, ta yi hon sau biyu a hankali, irin sallamar mai ladabi.

Shekara takwas yana ɗaukar ta a kwali duk ranar Lahadi in zai je gaishe da Yaya. Shekara takwas tana cewa daga ciki, "Shigo, Yaro. Kwalin ya jira ka a waje."

Rasuwa

Ciwon zuciya ya kwantar da shi a farkon watan Oktoba na 2022. Yaya ce ta yi jinyarsa a asibiti, tana da shekara tamanin, ta kori ma'aikata biyu daga gyaran matashinsa. Ranar ƙarshe da hantsi ya buɗe ido ya gan ta.

"Yaya, an gyara ta fa."

"Ka warke tukuna."

"In na warke za ki tsaya?"

"In ka warke."

Allah ya yi masa rasuwa ranar goma sha ɗaya ga watan, da azahar, aka binne shi da la'asar kusa da mahaifinsa. Tsofaffin ɗalibansa sun cika titi har motoci suka rasa hanya, kuma an ga dattawa masu furfura da 'yan motoci a aljihun riga. Ya bar mata ɗaya, da yayarsa, da 'ya'ya huɗu: Babba, direban babbar mota, Injiniya, wadda ta gaji ajin Asabar, Malamin Asibiti, da Auta, mai shagon gyaran waya, sai jikoki goma sha ɗaya. Allah ya yi masa rahama.

Bayan mako guda ɗalibai suka aiko cewa za su kafa allon ƙarfe a ƙofar ɗakin, suna neman shekarar haihuwa. Gardamar da aka buɗe wannan tarihi da ita ta tashi sabuwa a falo. Mai Kaji ta ce takardar tana cikin durowar Malam, bari ta ɗauko. Yaya ta miƙe ta bi bayanta tana faɗa, ta bi ta tsakar gida tana faɗa, ta tsallake dokin ƙofa tana faɗa, kuma sai da ta kai tsakiyar farin siminti, kan baƙin layi, sannan ta ga inda take. Ranar ma baƙin takalmi ne a ƙafarta, da riga mai kauri har ƙasa.

Injiniya tana bakin tebur. Ta sunkuya, ta ajiye motar, ta danna makunni.

Motar ta taho. Mai Kaji ta riƙe takarda a ƙirji tana raɗa, "Tsaya, 'yar nan." Saura taƙi ɗaya motar ta tsaya cak. Fitilu suka kama. Hon sau biyu, a hankali.

Yaya ba ta motsa ba. Can ta ja da baya taku ɗaya, motar ta matso ta tsaya. Ta matsa gefe, motar ta juyo ta tsaya. Jikoki da suka cika taga suka fara tsalle, Babba ya tsawatar musu shi ma yana dariya yana share ido. Yaya ta kawar da kai don kada a ga fuskarta, idonta ya faɗa kan kusurwar ɗakin, kan sanda mai sanye da karan-miskinta, da takalmin hagu da aka kafe a katako, hancinsa duk ya lotse saboda dukan motoci na shekara talatin da ɗaya.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Mai Kaji."

"Na'am, Yaya."

"Ashe karen mutane ba shi da laifi."

"Malam ne ya sa ni, Yaya."

"Duk wannan lotsewar, motoci ne?"

"Kowane ɗalibi sai ya bi ta kanki, Gwaggo," in ji Injiniya. "Sun fi dubu biyu. Wanda motarsa ba ta gan ki ba, Baba ba ya sa masa hannu."

Yaya ta sunkuya, gwiwoyinta suna ƙara, ta ɗauki motar. Ta juya ta, ta dubi wayoyin cikinta da aka jera tsaf kamar ɗinkin mahaifiyarsu, ta goge hancinta da bakin riga, ta rungume ta a hammata.

"Takalmin ku riƙe, yara su ci gaba da aiki," in ji ta. "Wannan kuwa tawa ce. Ya yi mini alkawarin mota."

Ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Kuma hamsin da ɗaya za a rubuta."

Ta fita ta buga ƙofar, har ƙwan da ke ƙarshen layi ya gangara.